Ba Baba Ne Ya Zaɓi Bakin Rafin Nan Ba

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Wannan kam ban yi jayayya da shi ba, ba kuwa zan yi ba. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne maganar da aka yi a falona, a kan dardumata, kwana ɗaya bayan mun binne surukina a nan Kuala Lumpur. Saboda ita na zauna rubuta wannan.

Falonmu a Pantai Dalam ɗan ƙarami ne, a hawa na sha huɗu, amma ranar takalma har bakin lif suka kai. Ɗalibai sun zo daga Danau Kota, 'yan kasuwa sun rufe shagunansu sun zo. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar Malay da ko "sannu" ba ta ji da Hausa, ta kawo tukunyar shinkafa ta tsaya a ƙofa tana share ido da gefen mayafinta. Wani ɗalibin injiniya da Baba ya taɓa yanka wa bunsurun suna ya zauna a lungu har aka watse. Matata tana ɗaki cikin mata, kukan ya ƙare mata, sai ajiyar zuciya. Duk waɗannan na gode musu, Allah ya saka da alheri.

Sai Shugaba ya gyara zama. Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Arewa nake nufi, mai rubuta digirinsa na uku a kan tsara birane. Ya yi gyaran murya ya ce, "Allah ya jiƙan Baba. Mutum ne mai son daji. Shi da kansa ya zaɓar mana wurin sansanin nan. To kun san tsufa, ga ido ya yi rauni, ga dajin ba irin na gida ba. Ƙaddara ce kawai."

Mutane suka ce, "Allah sarki." Alhaji, mai shagon kaya a Bukit Bintang, ya gyaɗa kai yana jan carbi. Ni kuwa, mai gida, butar shayi na hannuna, sai na ƙara wa Shugaba kofi na biyu.

Ƙarya ce. Wallahi tallahi ƙarya ce, kuma a kan gawar da ko kwana biyu ba ta yi a ƙasa ba. Baba bai zaɓi wurin nan ba. Ina tsaye aka yi komai.

Bari in faɗa muku wanda aka yi wa wannan ƙazafi. Baba maharbi ne, ɗan maharbi, daga wani ƙauye a gefen dajin Falgore. Ya daɗe yana Sarkin Baka, wato shugaban maharban yankinsu, har yanar ido ta rufe masa gani ya miƙa sarautar ga ƙanensa, wanda muke kira Baffa. Mun kawo shi nan ne a cire masa yanar. Aikin ya yi kyau, ido ya buɗe tar, sai matata ta ce ba inda zai koma, tunda Inna, mahaifiyarta, ta rasu, wa zai dafa masa? Haka ya zauna da mu shekara uku.

Watansa na farko ƙin shiga lif ya yi. Ya ce shi ba ya shiga akwatin da bai ga igiyarsa ba. Tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya ya riƙa taka bene sha huɗu, yana hutawa a na bakwai, har gwiwa ta yi masa nasiha. Kullum bayan asuba sai ya taka zuwa tafkin da ke cikin jami'a, ya dawo da labari kamar wanda ya je kasuwa: yau birai sun canja bishiya, yau guzan nan mai guntun wutsiya ya ƙoshi, za a yi ruwa kafin azahar. Kuma a yi. Kalma uku ya iya ta mutanen ƙasar, boleh da makan da tapau, wato "za a iya" da "cin abinci" da "a ƙunshe min", amma da su ya yi abokai a shagon mamak, wato shagon shayi da abinci na ƙasan gidanmu, fiye da ni da na shekara biyar ina karatu da yarensu a kunnena. In ya shiga, ba ya ma magana ake kawo masa baƙin shayi.

Duk ɗalibin da matarsa ta haihu, Baba ake nema. Zai zo da wuƙarsa a naɗe cikin tsumma, ya yanka, ya feɗe, ya kasa nama, ya wanke hannu ya kama hanya. In aka biyo shi da leda sai ya ce, "Kai wa mai jego." Amma fa yana da zafi, kada wani ya ce na mayar da shi waliyyi. Wata Babbar Sallah mun haɗu mun sayi sa, Alhaji ya ce shi zai yanka, ya tsaya a gaban san yana wasa wuƙa a kan dutse, dabba tana kallo. Baba ya tako ya fizge wuƙar a gaban mutum talatin. Ya ce, "Kai in za a yanka ka, haka kake so a yi maka?" Wasu yara suka ƙunshe dariya. Alhaji ya yi murmushin yaƙe, amma bai manta ba.

Ni da Baba kuwa, kunya ce tsakaninmu irin ta gida. Shekara uku a gida mai ɗaki uku, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Da safe in durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe shi, ya ce, "Malam, an tashi lafiya?" shi ke nan hirarmu ta yini. Ina son mutumin nan har cikin raina, ban kuma taɓa faɗa masa ba, don ba a faɗa.

Maganar sansanin Alhaji ne ya kawo ta. Ya san wani Bamalaye mai gonar barewa can bayan duwatsun Hulu Langat, muna ce masa Pakcik, wato kawu, yana da takardunsa duka. Ya yarda ya yankar mana wani ɓangare na filinsa, mu zagaye da waya, mu saki barewa takwas a ciki, mu yi rumfa, mu riƙa zuwa ƙarshen mako muna farauta mu kaɗai. Da yake baƙo ba ya samun izinin bindiga, sai baka da kibiya, kuma duk cikinmu ba wanda ya san ta ina ake riƙe baka. Shi ya sa aka tuna da Baba.

Da na kai masa maganar, ta bakin matata, sai ya yi tsaki. Ya ce, "Dabba a cikin waya? Wannan ai kiwo ne aka ƙara masa wahala." Amma da la'asar na ji yana tambayarta ina ta ajiye takalmansa na roba. Mutumin da ya yi shekara sittin a daji aka ɗora shi a hawa na sha huɗu, ko dajin wasa aka ce masa ai zai je.

Ranar Asabar muka tafi zaɓen wuri, mu shida: Baba, ni, Shugaba, Alhaji, da wasu ɗalibai biyu. Pakcik ya nuna mana wuri biyu. Ɗaya a kwari ne, bakin wani ɗan rafi mai ruwa garai-garai, fili shimfiɗe, ga yashi fari, mota tana zuwa har gindinsa, sabis ɗin waya cike. Ɗayan a kan tudu, sai an yi hawan minti ashirin cikin ciyawa mai matsattsaku, ba sabis, ruwan ma wani ɗan idon ruwa ne da ke tsattsafowa daga dutse. Tun kafin mu sauko daga tudun kowa ya gama yanke shawara a ransa, ɗaliban nan har sun fara ɗaukar hoto a bakin rafi.

Baba ya ce a ba shi lokaci. Ya shige daji shi kaɗai da sandarsa, ya fi awa guda. Da ya dawo bai ko kalli ruwan ba. Sama ya kalla. Ya ɗaga sanda ya nuna wata bishiya, can inda reshe ya rabu biyu, sama da inda hannun dogon mutum zai kai. Akwai busasshiyar ciyawa a cukurkuɗe, da wata tsohuwar leda ta nannaɗe reshen.

Ya ce, "Wa ya rataye wancan?"

Shugaba ya yi dariya. "Biri ne, Baba. Ko iska."

"Ruwa ne," in ji Baba. "Ku dubi ta inda ciyawar ta kwanta, duk gefe ɗaya. Ku dubi itatuwan filin nan, duk sa'annin juna ne, babu tsoho ko ɗaya. Na zaga ban ga gidan tururuwa ba, ban ga ramin ɓera ba. Duk abin da ke zaune a dajin nan ya ƙi kwana a nan, sai ku. Ga shi kwari ne, iska tana juyawa, kafin ka ɗana kibiya dabba ta ji warinka. Ku hau tudu."

Aka tambayi Pakcik. Bawan Allah ya faɗi iya abin da ya sani, ya ce shekararsa huɗu da sayen filin bai ga ruwa ya hau nan ba. Baba ya ce, "Shekara huɗu ai jiya ne." Shugaba ya zaro wayarsa mai faɗi ya buɗe taswira, yana nuna wa tsoho wani siririn layi shuɗi, wai rafin ko gwiwa bai kai ba. Kamar Baba ba ya ganin rafin a gabansa! Sai Alhaji ya shafa tumbinsa ya ce, "Baba, nan fa Malesiya ce, ba Falgore ba. Wa zai ɗauki cikin nan ya hau dutse duk Asabar? Kuma yau ba yankan sa ake ba, a bar kowa ya yi magana."

Shugaba ya ce to a yi abin da ya dace, a kaɗa ƙuri'a. Ku ji fa. Ƙuri'a, a kan inda ruwa zai bi. Ya ce masu son bakin rafi su ɗaga hannu. Hannu huɗu suka tashi, sannan duk suka juyo suna kallona.

A nan ne nake son wanda ba Bahaushe ba ya fahimce ni, ko da yake fahimtar ba za ta wanke ni ba. A wurinmu mutum ba ya goyon bayan surukinsa a bainar jama'a. Kara ake yi, a nuna ba a fifita na gida ba. In ka tsaya masa, gobe a shagon mamak za a ce mijin-ta-ce ne, gidan matarsa sun gama da shi. Na san Baba ne ke da gaskiya, na ga ledar nan da idona. Amma na ji Alhaji ya fara murmushi, sai na ɗaga hannuna.

Baba bai kalle ni ba. Ya ce, "To. Amma ku bar min ƙofa ɗaya ta ɓangaren tudu." Shugaba ya ce ba damuwa, za a yi. Ba a yi ba. Ƙofa ɗaya aka sa, ta wajen hanyar mota, daidai bakin ruwa. A hanyarmu ta komawa ni ke tuƙi, yana gefena, awa ɗaya da rabi abin da ya ce min kawai shi ne, "Malam, a hankali, akwai kwana."

Duk da haka bai yi fushi ya zauna a gida ba. Wata biyar yana zuwa, yana koya wa ƙartin da suka yi masa dariya yadda ake jan baka, yana tsinto musu kibiyoyinsu daga cikin ciyawa. Barewa ɗaya ba su taɓa samu ba.

Ranar da abin ya faru, Asabar ce bayan la'asar, mu shidan nan dai, ga Pakcik ma yana wurin. Rana tana kanmu, ko ɗigo ba a yi ba, amma can saman duwatsu hadari ya yi baƙi ƙirin. Muna shan shayi a rumfa sai Baba ya ɗaga kai ya ce, "Ku yi shiru." Ruwan rafin ya koma kalar kunu, ganye da ƙirare suna gudu a kai. Ya miƙe ya ce, "Ku hau tudu. Yanzu." Wannan karon ba wanda ya nemi a kaɗa ƙuri'a. Alhajin da cikinsa ba ya hawa dutse shi ya riga kowa kaiwa sama.

Sai da na yi nisa na waiga na ga babu Baba. Ya koma. Ya ɗauki filaya da adda ya nufi shingen ta ɓangaren tudu, inda barewar suka taru a kusurwa suna dukan waya da ƙirji. Ruwa ya zo da ƙara kamar jirgin ƙasa. Kafin in sauko ya kai masa ƙugu, yana yanka waya ɗaya bayan ɗaya, wayar tana yankar hannuwansa. Na kwarara ihu, "Baba! Baba, fito!" Ranar ce ta farko da na ɗaga masa murya. Barewa shida suka fita ta kafar da ya buɗe, biyu ruwa ya tafi da su. Ni da Pakcik muka jefa masa igiya muka jawo shi, jini har gwiwar hannu. Na ce, "Baba, don me?" Yana haki ya ce, "Mu muka kulle su."

Muna kan tudu muna kallo ruwa ya ɗauke rumfa, ya kifar da motar Shugaba, ya shanye reshen nan har ba a ganinsa.

Bayan mako guda zazzaɓi ya kama shi, da ciwon sharaɓa, idonsa ya yi ja. Ya ce masassara ce, a ba shi ƙwaya biyu. Ranar da idon ya koma ɗorawa muka kai shi asibiti da ƙarfi, likita ya ce cuta ce da ke shiga ta rauni in mutum ya shiga ruwan ambaliya, kuma ta riga ta taɓa ƙoda. Kwanansa shida a can. Ko sau ɗaya bai ambaci ƙuri'ar nan ba. Abin da ya tambaya shi ne barewar. Na ce Pakcik ya kamo biyar, ɗaya ta ƙi kamuwa, ta shige daji. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Wannan ita ce barewa." Ranar Alhamis da hantsi ya cika.

Wannan mutumin ne Shugaba ya ce idonsa ya yi rauni. Kuma maganar ba ta tsaya a falona ba, kun san mutanenmu da waya. Kwana biyar da rasuwa Baffa ya kira ni daga ƙauye, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba.

Ya ce, "Malam, an ce Yaya ya kafa sansani a kwari, a bakin ruwa, da damina. Yaran da ya koya wa farauta suna tambayata, na ce ban sani ba. Ka san wannan kuskure ne da ake dukan ɗan koyo a kansa. Ranar arba'in maharba za su taru. In haka ya mutu, addu'a kawai za a yi a watse, ba mai busa masa ƙaho, ba mai yi masa kirari. Za a ce birni ya cinye masa hankali. Faɗa min gaskiya."

Na ce, "Baffa, ba shi ba ne." Na kwashe komai na faɗa masa, har ƙofar da ya roƙa aka hana shi.

Ya ce, "Ku nawa ne a wurin?"

"Mu shida, har da shi."

"Hannu nawa aka ɗaga?"

"Biyar."

Baffa bai yi boko ba, amma ya iya ɗebewa. Ya ce, "Har da kai ke nan. To ranar Juma'a da hantsinmu zan tara su, zan buɗe sifika, ka faɗa musu da bakinka. Duka. Har da hannun." Da na ajiye wayar na juya, matata tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ba ta san da maganar ƙuri'a ba, don mahaifinta bai taɓa faɗa mata ba. Ta juya ta koma ciki.

Na je na sami Shugaba a ɗakin karatu na ce ya zo mu yi wayar tare, tunda daga bakinsa ƙaryar ta fito. Ya jawo ni gefe yana raɗa. Ya ce, "Haba ɗan'uwa, kai ma fa ka ɗaga hannu. Mu rufa wa juna asiri. In aka ji ni na kafa mutane a hanyar ruwa, da wane ido zan koma in koyar da tsara birane? Shi Baba ya riga ya tafi, me suna zai yi masa?" Wallahi da ba don wurin da muke ba da na mare shi. Me suna zai yi masa! Mutumin da bai bar gida ba, bai bar mota ba, bai bar digiri ba, sunan nan kaɗai ya tara a shekara sittin, shi ne za ka ara ka goge ƙafarka da shi? Alhaji kuwa ko wayata bai ɗauka ba. Ɗaliban biyu sun ce su yara ne, ba su da ta cewa.

Ni kaɗai na yi wayar. Ƙarfe huɗu na yamma a nan, ina zaune a ƙasa a falo, ina jin tarin tsofaffi da kukan awaki daga can. Na faɗi komai a jere, ban tsallake kaina ba.  Sai wata tsohuwar murya da ban sani ba ta ce, "Na faɗa muku. Na ce muku ba zai yi haka ba." Wani ya fashe da kuka. Ban ajiye wayar ba na ji an busa ƙaho, ba su ma jira arba'in ɗin ba.

Saboda haka duk wanda ya zauna a falona ranar nan ya ce "Allah sarki," ya sani an yi masa ƙarya, kuma ya je ya gyara a duk inda ya kai ta. Ba roƙo nake ba.

Da yamma matata ta kawo min abinci ta ajiye, ta zauna nesa kaɗan. Tun ranar wayar Baffa ba ta yi min maganar da ta wuce gaisuwa ba. Na fara cewa ko da na tsaya masa, huɗu sun fi biyu, da dai a bakin rafin za a yi. Ta ce, "Na sani, Malam. Na ƙirga ni ma. Da ka ajiye hannunka ba za su fasa ba." Ta gyara ɗankwalinta, ta kalli ƙofar ɗakin da yake kwana. "Amma da bai tsaya shi kaɗai ba."

 Ya Allah, ka jiƙan Baba, ka yalwata masa kabarinsa a ƙasar da ba tasa ba, ka haɗa shi da mutanen da suka fi mu.